Ƙanina ya haddace izu biyar, amma kalmar "buta" ta gagare shi a takarda

Bayan sallar Isha'i ne, an ɗauke wuta, muna zaune kan tabarma a tsakar gida. Na kunna fitilar waya na haska masa littafin Hausa na aji uku, na ɗora yatsa a kan wata kalma mai harafi huɗu na ce ya karanta. Ya ƙura mata ido ya ce "duta". Na ce sake. Ya ce "tuba". Na ce ka nutsu fa. Ya yi shiru, can ya saci kallon hoton da ke gefen shafin, ya ga yaro a tsugune yana wanke hannu, ya ce "alwala". Ban san lokacin da na sakar masa ranƙwashi ba.

Bai yi kuka ba. Abin da ya ce kawai shi ne: "Yaya, ki faɗa min sau ɗaya, wallahi zan riƙe."

Kuma gaskiya ya faɗa. Auta, kamar yadda muke kiransa a gida, shekararsa tara a lokacin, ya haddace izu biyar a Islamiyya, duk da ka. In aka aike shi kanti da saƙo bakwai ba ya manta ko ɗaya, canji kuma ba a cutarsa. Shi ke gyara mana rimot da fanka. Amma a boko kullum yana cikin ukun ƙarshe. Dabarar da ya daɗe yana yi, sai daga baya muka gano ta: in malama ta karanta shafi a aji sai ya haddace shi gaba ɗaya, in an ce ya tashi ya karanta sai ya riƙa bin layi da yatsa yana zubo abin da ke kansa. Ranar da wata sabuwar malama ta nuna masa tsakiyar shafi ta ce ya fara daga nan, ranar asiri ya tonu.

A gida kowa da fassararsa. Kawu ya ce ƙwallo ce ta cinye masa kai. Hajiya Kaka ta ce baki ne, a nemo masa rubutu ya sha. Baba ya canja masa makaranta sau biyu, ya ɗauko mai lesin, mai lesin ya zo da bulalarsa. Ni kuma da ake ce wa 'yar jami'a aka miƙa min shi, kun dai ji yadda na yi da shi. Kalmar da ta fi yawo a kansa ita ce daƙiƙi, har yaran layi suka ɗauka.

A aji biyu a jami'a aka ba mu aikin haɗa rahoto kan ilimi. Neman wanda zan yi hira da shi ya kai ni ofishin wata malama da ta ƙware a ilimin yara masu buƙata ta musamman. Bayan mun gama na kashe rikoda, na ba ta labarin Auta kamar da wasa. Na zaci za ta tambaye ni makinsa na jarrabawa. Sai ta ce: yana da shekara nawa ya fara magana? Yana yin waƙoƙin yara lokacin da yake ɗan shekara uku? Akwai wani babba a danginku da karatu ya ba shi wuya?

Ban da amsa ko ɗaya. Na koma gida na tambayi Mama, ita kuwa kamar jira take. Ta ce ai Auta sai da ya kusa shekara uku kafin bakinsa ya buɗe sosai. Har ya shiga firamare "marakanta" yake cewa maimakon makaranta, asibiti kuma "abisiti", mu kuma muna dariya muna cewa ya maimaita. Ta tuna cewa in yara suna waƙar gaɗa ko ta tashe yana bin kiɗan da rawa, amma kalmomin ba sa zauna masa. Batun dangi kuwa sai ta rage murya ta ce, "Ke ba ki lura Babanku in an kawo takarda sai ya ce ya manta tabarau ba?"

A ranar na fara jin kalmar disleksiya da kunnen basira.

Lalurar da ta girmi kakanninmu

Disleksiya lalura ce ta wahalar koyon karatu da rubuta kalmomi daidai, ga yaron da hankalinsa lafiya lau, idonsa da kunnensa lafiya, kuma an koya masa kamar yadda aka koya wa sauran. Wani likitan ido ɗan ƙasar Jamus, Rudolf Berlin, shi ya yaɗa sunan a wani littafi da ya fitar a 1887. A 1896 kuma wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya rubuta a mujallar likitocin Birtaniya labarin wani yaro ɗan shekara 14 mai suna Percy, mai kaifin basira, gwanin lissafi, amma ko sunansa in zai rubuta sai ya juya haruffan tsakiya. Da na karanta labarin sai da tsigar jikina ta tashi, don kamar Auta ake siffantawa, fiye da shekara ɗari kafin a haife shi.

Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne yara biyar zuwa goma cikin ɗari na da ita. Farfesa Sally Shaywitz ta Jami'ar Yale a Amurka, wadda ta fara bin diddigin yara 445 a jihar Connecticut tun 1983, tana ganin adadin ya kai ɗaya cikin biyar in aka haɗa da masu ƙaramar matsala. Ko da ƙaramin ƙiyasin muka ɗauka, ajin da ke da yara 80, irin wanda duk wanda ya yi makarantar gwamnati ya sani, yana ɗauke da huɗu zuwa takwas. Binciken nata ya kuma nuna cewa 'yan mata masu lalurar sun kusa kai yawan maza. Abin da ke faruwa shi ne namiji in karatu ya ishe shi sai ya tada rigima a lura da shi, mace kuwa sai ta lafe a bayan aji ta yi shiru, a ce ai kunya ce.

Yawancinmu mun ga fim ɗin Indiya na Aamir Khan, Taare Zameen Par, wanda ya fito a 2007. Ni kaina na sha kuka a kansa ina sakandare, ga mai irin matsalar a ɗakinmu, ban taɓa haɗa su ba. Wani ɓangare na laifin na fim ɗin ne. Ya bar mu da tunanin cewa haruffa ne ke rawa a idon yaro. Auta bai taɓa cewa wani abu na rawa ba. Masana sun fi karkata ga cewa tushen matsalar yana wajen yadda ƙwaƙwalwa ke rarrabe sautukan magana, kuma wannan ne ya sa malamar nan ta tsallake aji uku ta koma tambayar shekara biyu da uku.

Karatu daga kunne yake farawa

Magana ba a koyar da ita a aji. Ka ajiye jariri cikin mutane, in yana ji, zai yi magana. Rubutu kuwa ƙirƙira ce ta ɗan Adam, shekarunsa kimanin 5,000 kacal, kuma babu wani sashe na ƙwaƙwalwa da aka haife mu da shi don karatu. Masanin ƙwaƙwalwa ɗan Faransa, Stanislas Dehaene, ya nuna cewa wani ɗan wuri ne a ɓangaren hagu, wanda asali aikinsa gane siffofin abubuwa, ake aro a mayar da shi ma'ajiyar haruffa, sannan a haɗa shi da sashen da ke kula da sautin magana. Koyon karatu shi ne gina wannan gada.

Ɗauki kalmar da ta jawo wa Auta ranƙwashi. Kafin yaro ya karanta "buta", sai kunnensa ya riga ya san cewa gaɓa biyu ce, bu da ta, kuma ita bu ɗin ma sauti biyu ne a manne. Sai ya iya jin cewa in ka cire sautin farko ka sa wani za ka samu wuta ko tuta. Yaro mai disleksiya yana jin kalmar, yana fahimtarta, yana amfani da ita, amma a dunƙule take zo masa kamar curin fura. In ka nuna masa haruffa huɗu ka ce kowanne na wakiltar wani yanki na kalmar, yankunan ne ba ya ji sosai. Shi ya sa yake cinka, yake leƙen hoto, yake haddacewa.

Wannan ƙwarewa ta kunne tana ginuwa ne tun kafin a ga allo. Wajen wata shida jariri ke fara gwarancin "ba-ba" da "da-da". Wajen shekara ɗaya kalmar farko ke fitowa. A shekara biyu yawancin yara na da kalmomi kusan hamsin ko fiye, suna haɗa biyu: "Mama ruwa", "ba ni". Tsakanin biyu da uku, in akwai littafi a gidan, yaro zai riƙe shi, ya buɗe shafi, ya nuna akuya ya faɗi sunanta, ya nace a maimaita masa labari ɗaya sau goma har ka gaji. Daga uku zuwa huɗu yake fara jin daɗin kalmomi masu amo ɗaya, yana ƙirƙiro nasa na shirme yana dariya. Wajen huɗu zuwa biyar yake gane wasu haruffa, musamman na sunansa. Yara sun bambanta, wani ya yi gaba wani ya biyo baya da 'yan watanni, wannan ba abin tashin hankali ba ne.

A 1983 wasu masana biyu a Jami'ar Oxford, Lynette Bradley da Peter Bryant, sun wallafa sakamakon gwajin da suka yi wa yara kimanin 400 'yan shekara huɗu da biyar da ba su fara karatu ba. Ana faɗa wa yaro kalmomi uku ko huɗu, a ce ya fitar da wadda sautinta bai yi kama da sauran ba. Da Hausa kamar ka ce buta, wuta, tuta, gida. Yaran da suka iya wannan wasa su ne suka fi iya karatu shekaru bayan nan. A ƙasar Finland kuma, tun 1993 masana a Jami'ar Jyväskylä suka ɗauki jarirai kimanin 200 suna bin su daga haihuwa, rabinsu daga gidajen da uwa ko uba ke da disleksiya. Sun ga bambanci a yadda ƙwaƙwalwar jariran ke amsa sautin magana tun suna cikin zanen goyo. Bincike da dama da aka tattara sun nuna cewa in ɗaya daga cikin iyaye na da lalurar, kusan rabin 'ya'yan na iya samunta.

To, ba wanda zai dubi ɗan shekara biyu ya ce yana da disleksiya, tunda bai fara karatu ba balle a ce ya gagare shi. Abin da ake iya gani alamu ne na haɗari. Jinkirin fara magana yana ciki, musamman in an wuce shekara biyu ba a haɗa kalma biyu ba. Juya gaɓoɓin kalma irin su "kureja" maimakon kujera kowane yaro na yi, amma in ya ƙi bari har shekara biyar, shida, abin lura ne. Akwai yaron da ya san abu sarai amma sunan ba ya zo masa da sauri, kullum "abin nan, abin nan" yake yi yana nuni. Akwai wanda jerin abubuwa ke ba shi wuya, kamar kwanakin mako ko ƙirga ɗaya zuwa goma a jere. Akwai wanda za ka koya masa harafi yau, gobe kamar bai taɓa ganinsa ba, jibi ma haka, alhali abin da ya faru a biki bara yana ba ka labarinsa dalla-dalla. Alama ɗaya ba ta isa ba. Yara da yawa da suka yi jinkirin magana suna kamo 'yan uwansu su yi karatu lafiya. Amma in alamu uku ko huɗu suka taru, ga kuma wani kawu ko gwaggo da aka ce "boko bai karɓe shi ba", bai kamata a tsaya jiran aji huɗu ba.

Akwai kuma abubuwan da muke ɗauka alama alhali ba su ba ne. Rubuta b a matsayin d, ko juya 3 ta kalli baya, abu ne da yara da yawa ke yi har wajen shekara bakwai. Dalilin ma mai ban sha'awa ne: ƙwaƙwalwa ta saba da cewa kofi kofi ne ko hannunsa na dama ko na hagu, sai an koya mata cewa a haruffa juyi na canja ma'ana. Zama bahago ba alama ba ce, don haka a daina ɗaure wa yara hannu. Tashi da harshe biyu, Hausa da Fulatanci ko Hausa da Turanci, ba ya jawo ta. Kuma kafin a yi maganar ƙwaƙwalwa, a fara da abin da ya fi sauƙi: a kai yaro asibiti a duba kunne da ido. Ciwon kunne mai zubar da ruwa da ke yawan dawowa, ko sanƙarau, ko ƙyanda, na iya rage ji, yaron da ba ya ji sosai kuwa dole sautuka su cakuɗe masa.

Yaro ɗaya, rubutu uku

Yanzu dubi ranar yaron Bahaushe ɗan shekara biyar. Da safe yana boko ana koya masa Turanci, harshen da ba a yi a gidansu, mai rubutun da ba ya bin ƙa'ida ɗaya, inda harafi ɗaya ke da furuci uku ko huɗu. Wani bincike da aka wallafa a 2003 kan ƙasashen Turai ya gano cewa yaran da rubutun harshensu ke tafiya daidai da furuci, kamar Italiyanci da harshen Finland, yawancinsu na iya karanta kalmomi kafin ƙarshen shekarar farko, yaran da ke koyo da Turanci kuwa sai sun ninka wannan lokaci ko fiye. Waɗannan fa 'ya'yan masu harshen ne.

Da yamma yana Islamiyya ko makarantar allo, rubutu ya juya daga dama zuwa hagu, ga haruffa irin su ba da ta da nun da ya, waɗanda a tsakiyar kalma ɗigo ne kawai ke raba su. In an yi sa'a ana koyar da Hausa a makarantarsu, ga wata sabuwa: b da d da ke rikita yaran duniya, mu namu huɗu ne, b, d, ɓ, ɗ. Ƙaramar lanƙwasa ce ke raba kafa da ƙafa, baki da baƙi. Rubutun Hausar boko ya fi na Turanci sauƙi nesa ba kusa ba, don yawanci yadda aka rubuta haka ake furtawa, amma ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti. Sai ka karanta jimla kafin ka san "gari" na tuwo ne ko na mutane, "kuka" ta miya ce ko na hawaye. Yawancin yara na ɗauke wannan kaya duka ba tare da sun ji nauyi ba, ikon Allah. Wanda kunnensa ke fama da rarrabe sauti kuwa, sau uku ake kayar da shi a rana ɗaya.

Wani abu da ya ba ni mamaki: hanyar da aka fi sani a duniya wajen koyar da masu disleksiya, wadda likita Samuel Orton da malama Anna Gillingham suka tsara a Amurka a shekarun 1930, ta ginu ne a kan koyar da sauti da harafi ɗaya bayan ɗaya, a jere, yaro yana gani, yana furtawa, yana zanawa da hannu, ana maimaitawa har ya zauna. Da na karanta sai na ce, ai wannan ta yi kama da tsarin allo. A fara da babbaƙu, a koma farfaru, kowane harafi da sunan da ke siffanta shi, su ba-guje da lam-jaye da ha-kuri, a rubuta, a wanke, a sake. Kakanninmu sun san wani abu. Inda gizo ke saƙar shi ne karatun taro: in yara arba'in na rera abu ɗaya da ƙarfi, mai kunnen haddace kamar Auta zai bi su ya wuce, malam bai san ko harafi ɗaya bai shiga ba.

Dole in faɗi wani abu a nan don kar a fahimce ni a karkace. Yawancin yaranmu da ba su iya karatu ba, ba disleksiya ke damunsu ba. Rahoton Bankin Duniya da abokan aikinsa na 2022 ya ƙiyasta cewa a ƙasashen Afirka kudu da Sahara yara 89 cikin 100 'yan shekara goma ba sa iya karanta gajeren labari su fahimta. Wannan matsalar cunkoson aji ce, da rashin littafi, da malamin da ba a horar ba, da yunwa. In muka bi 'yan TikTok da ke raba wa kowa cuta a bidiyon minti ɗaya, za mu ɗauke laifi daga kan masu laifi mu ɗora wa ƙwaƙwalwar yara. Sai dai wannan yanayi ne kuma ke ɓoye masu lalurar ta gaskiya. A ajin da kusan kowa bai iya ba, wa zai lura da wanda ko an koya masa da kyau sai an yi masa ƙari? Yadda ake bambancewa shi ne a koyar da kyau tukuna, sauti da harafi, a harshen da yaro ke ji. Wanda rashin koyarwa ne matsalarsa zai tashi da gudu cikin 'yan watanni. Wanda ya rage a baya duk da haka, shi ne ake nema.

Sai ɗaya ɓangaren, wanda ya fi ba ni haushi. Makarantun kuɗi na unguwa suna gasar wanda zai fi ba ɗan shekara biyu aikin gida. Yaron da bai gama iya riƙe cokali ba an ce ya rubuta 1 zuwa 50, uwa ta kama hannunsa ta rubuta, anti ta sa maki, kowa ya ji daɗi. Iyaye kuma in ba su ga littafi cike da rubutu ba sai su ce ba a koyar da komai, kuɗinsu ya tafi a banza. Lokacin da ya kamata a cika kunnen yaro da magana da waƙa da labari, an ɓata shi wajen kwafar abin da bai san ma'anarsa ba.

Mu yayye

Dalilin da ya sa na kawo wannan magana shafin matasa shi ne, a gidajenmu mu ne ke tare da ƙananan. Baba na kasuwa, Mama na kicin ko wurin aiki, goyo da aikin gida da rakiya makaranta na hannun yaya. Mu ne kuma muke miƙa wa ɗan shekara ɗaya waya don ya bar mu mu yi hira a WhatsApp. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idojin da ta fitar a 2019 ta ce yaron da bai kai shekara biyu ba bai kamata a zaunar da shi gaban allon waya ko talabijin ba, daga biyu zuwa huɗu kuma kar ya wuce awa ɗaya a rana. Katun ba ya jiran yaro ya ba shi amsa. Mutum ne ke yin wannan.

Abin da ake buƙata kuma akwai shi a gida kyauta. Tatsuniya, amma irin wadda ake tsayawa a tambayi yaro me yake ganin Gizo zai yi. Kacici-kacici. Tafa hannu a kan gaɓoɓin sunansa da na 'yan gida, a ga sunan wa ya fi yawan tafi. Wasan "kawo min kalmar da ta yi kama da rana". Har zaurance da muke yi don ɓoye wa manya magana, ashe horo ne na yanka kalma gaɓa-gaɓa a sake ɗinke ta, kuma na tuna Auta bai taɓa iya shi ba, mu kuma muka mayar da abin tsokana. In babu littafin yara, akwai gwangwanin madara, akwai kwalin ashana, akwai rubutun bayan Keke Napep. Littattafan Mu Karanta da aka yi amfani da su a makarantun Bauchi da Sakkwato an tsara su ne a kan sauti da gaɓa da Hausa, in ka samu ko tsoho ne ka riƙe shi da kyau.

In alamun sun taru, bayan an duba kunne da ido, a je a samu malamin aji a zauna da shi, ba da faɗa ba. Jami'ar Bayero a Kano da Jami'ar Jos duk suna da sashen ilimi na musamman, kuma tambaya ba ta da tsada. Cikakken gwaji dai masu yinsa sun fi yawa a Legas da Abuja, kuɗinsa kuma ya fi ƙarfin gida irin namu. Amma koyarwar da ke taimakon mai disleksiya ba ta cutar da wanda ba shi da ita, don haka ba sai an jira takardar likita ba. Lokaci ne abin gudu: taimakon da aka fara a shekara biyar ko shida ya fi wanda aka fara a tara tasiri sosai, don kafin tara yaro ya riga ya yarda shi daƙiƙi ne. Lalurar ba ta warkewa kamar zazzaɓi, mutum na girma da ita, amma yana koyon karatu, yana kuma yin nisa. Steven Spielberg, mai shirya finafinan Amurka, sai da ya kai kimanin shekara 60 aka gano yana da ita.

Mu a tara muka fara. Malamar nan ta zauna da Auta sau biyu, ta ce alamunsa sun yi daidai da disleksiya, ta rubuta min yadda zan yi da shi. Minti ashirin kullum bayan La'asar, ba ƙari. Muka koma farko kamar bai taɓa shiga aji ba: tire cike da yashi, ya zana harafi da yatsa yana furta sautinsa, marafan lemo da na rubuta wa gaɓoɓi yana jerawa yana canjawa. Mun shafe sati uku a kan b da d kaɗai kafin mu taɓa masu lanƙwasa. Akwai ranar da ya watsar da yashin ya ce shi kanikanci zai koya, akwai ranar da ni ma na shiga ɗaki na yi kukana. Na ba shi haƙuri kan ranƙwashin, ya ce wanne daga ciki. Baba ya sallami mai lesin. Bai ce komai kan batun tabarau ba, amma wani lokaci yakan jawo kujera kusa da mu ya zauna kamar yana shan iska.

Yanzu Auta na da shekara goma sha ɗaya. Yana karanta Hausa a hankali, gaɓa-gaɓa, Turanci kuma har yau da sauran aiki, rubutunsa ma sai ni nake gane shi. A sakamakon zangon da ya wuce ya zo na 31 cikin 46.

'Yar yayarmu kuma ta cika shekara uku a watan jiya. Bakinta ya buɗe da wuri, amma sunan abubuwa na yi mata gardama, komai "abin nan" ne, kuma ranar da na ce ta kawo min kalma mai kama da buta, ta yi tunani mai tsawo ta ce "shayi". Uwarta ta yi dariya, ni ban yi ba. An duba kunnenta lafiya. Yanzu in na dawo daga makaranta nakan tarar da su biyu a bakin ƙofa, Auta na tafa mata gaɓoɓin sunayen 'yan gida, in ta yi kuskure ya ce mata, "A'a, saurara dai, sake ji."